Darasin Juma'a: Arziki daban, ƙyale-ƙyale daban

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

'Yan'uwa, yawancinmu fatauci ne ya kawo iyayenmu ƙasar Manga da ta Bade. Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, suke ta zuwa cinikin gyaɗa, ƙaro da fatu, wasu suka zarce Gashuwa kan kifi da hatsi. Da ɗan ƙaramin jari suka zo, kuma abin da ya tsayar da su shi ne tattali.

Yau fa? Da ciniki ya ɗan buɗe, sai babbar waya, sai shadda mai tsada, sai lefe na kece raini, galibi da kuɗin uban gida ko na adashi. Damina na kamawa, kasuwa ta ja baya, masu bin bashi su yi sallama. Kowa ya daka ta wani, ai ya rasa turmin daka tasa.

Mu dubi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a Kano a 1955. Da fataucin goro zuwa Gwanja ya fara, kafin ya shiga sayen gyaɗa. An san shi da tsimi da sauƙin rayuwa, yana mayar da riba cikin jari. Ana ba da labarin cewa a 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 banki a Kano. Da a riga da rawani ya zuba su, me raƙuman za su ɗauka?

Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi, shi ma baƙo ne a Madina. Aka yi masa tayin rabin dukiya, ya yi godiya, ya nemi a nuna masa kasuwa. Ya zama attajiri, kuma dukiyar ta tafi a hidimar Musulmi. Ƙaruna kuwa, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas, cikin ado ya fito wa mutanensa, masu kwaɗayi suka yi ta burin irin nasa, ƙasa ta haɗiye shi.

Tattali dai ba rowa ba ne. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Wanda ya hana iyali cefane, ko ya ƙi fitar da zakka, ɗaya cikin 40, bai yi tattali ba, zalunci ya yi.

Saboda haka mu riƙe abu uku. Mu raba jari da kuɗin cefane, kowanne da lissafinsa. Kada mu ci bashi don biki ko suna. Bashin da ya zama dole kuwa a rubuta shi gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya yi wa nemanmu albarka. Amin.