Baƙon Da Yake Sauka A Maƙogwaro: Darasi A Kan Sanƙarau

Ku mutanen Zango na Wagadugu kun san sha'anin baƙi. Baƙo yakan yi sallama, ya sauka a zaure, ya kwana biyu, ya wuce. Ba ya shiga cikin gida sai an yi masa iso. Ƙwayar cutar sanƙarau ma haka take yi, zaurenta kuwa shi ne bayan hanci da maƙogwaro. Tana zuwa ta tari ko atishawa ko numfashin wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Wajen mutum ɗaya cikin 10 yana ɗauke da ita a maƙogwaro yana ta harkarsa lafiya lau. Ciwo yana farawa ne ran da ta sami hanyar cikin gida.

Bangon maƙogwaro an gina shi da ƙananan ɗakuna masu rai, waɗanda ido ba ya gani. Likitoci suna ce da su ƙwayoyin halitta. Majina tana rufe su, wasunsu kuma suna da gashi siriri da yake share datti dare da rana. Kada ku raina majina, mai gadi ce.

To, yaya ƙwayar cutar take wucewa? Tana da zarurruka a jikinta. Da su take kama bakin ɗaki ta liƙe, ta hayayyafa a wurin. Kowane ɗaki yana da wuraren da yake jin saƙo daga jiki, kamar ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ƙwayar ta iya wannan ƙwanƙwasar. Sai ɗakin ya ɗauka saƙon na gida ne, ya aika umarni cikinsa, ya miƙo 'yan yatsu ya rungume ta, har ya jawo ta ciki. Ku lura, ba ta fasa bango ba, mai gidan ne ta yaudara ya buɗe da hannunsa. Daga nan ta ɓulle ta baya ta faɗa cikin jini, sanye da wani ɓawo mai santsi da yake hana sojojin jini kama ta. In ta kai jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta sake yin wannan dabara, ɗakunan su saki juna, ta ratsa tsakaninsu.

Amma ɗakunan da aka taɓa ba sa yin shiru. Suna sakin sinadarai cikin jini, kamar mai kururuwa a unguwa. Wannan kururuwa ita take kawo zazzaɓi, ta kira fararen ƙwayoyin jini su taru. Taron yana jawo kumburi, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba da wuri. Shi ya sa kai yake sara, wuya ya sanƙare, mutum ya riƙa gudun haske.

Cutar ta fi yawa daga Disamba zuwa Yuni, domin ƙurar hunturu da zafin bazara suna busar da majina, su ƙuje bangon maƙogwaro. Mura da hayaƙin itace a ɗaki rufe su ma suna raunana shi. A 1996 annobar ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. A Disamba 2010 Burkina Faso ce ƙasa ta farko da ta yi wa jama'arta duka masu shekara 1 zuwa 29 allurar MenAfriVac. Allurar tana sa jiki ya gane ɓawon nan, har ta rage ƙwayar a maƙogwaro. Sai dai irin da ake kira A kaɗai take tarewa. Akwai wasu iri, kamar W da ya yi ɓarna a ƙasar nan a 2002.

Saboda haka ko yaro ya yi allura, in kun ga zazzaɓi mai zafi farat ɗaya da ciwon kai da amai da sanƙarewar wuya, ku kai shi asibiti mafi kusa a wannan sa'a. Ga jariri, ku duba ko maɗigarsa ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko yana shiɗewa. Cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya makara kuma yakan tashi da kurumta. Tun 2016 ana duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati. Ku tafi da katin allurar yaron, ku kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya su wa suke kwana ɗaki ɗaya da shi.