Amsar Tambaya: Me Zan Karanta Bayan Kaka?

Wani manomi daga Malumfashi ya rubuto cewa kowace shekara yakan yi niyyar karatu idan aikin gona ya lafa, amma har Janairu ta kama bai buɗe littafi ba.

Malam, kada ka ɗora wa kanka littafi goma. A yankinku Nuwamba ba wata ne na hutu ba: ga sussukar masara, ga cirar auduga, ga zirga-zirgar kai hatsi kasuwar Dandume. Lokacinka na gaskiya shi ne daren hunturu, bayan sallar isha'i. Littafi uku sun isa.

Fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Gajere ne, ga ban dariya, kuma idan ka kai ƙarshensa za ka ji ƙarfin ɗaukar wani. Sai Shata Ikon Allah, tarihin mawaƙi Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka rubuta. Yana da kauri, amma mutumin da ya zauna a Funtua ake ba da labarinsa, garuruwan ciki duk ka san su. Wannan shi zai cinye maka Disamba.

Na ukun ya zama na sana'a. Cibiyar NAERLS da ke Samaru, Zariya, tana buga ƙasidu kan noma. Nemi na adana hatsi ta hannun malamin gona, tunda bayan kaka ne ƙwari ke shiga buhu.

Wayarka kuwa, idan ka zauna karatu, bar ta a caji a wani ɗaki.