Yankewar Intanet Bayan Sabunta Kwamfuta: Yadda Ake Gano Cutar

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da yake bai wa babbar manhajarsa ta Windows 10. Wannan ya sa jama'a da dama suka ƙaura zuwa Windows 11, wadda ta fito a shekarar 2021. Sai dai wasu sun tarar da intanet ɗin gida, wanda da yake tafiya lafiya lau, ya koma yana yankewa yana dawowa. Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Ɗalibi yakan yi nisa da cike takardar rajistar jarrabawa, layi ya katse, ya koma farko. Maigida kuma yakan sayo sabuwar rauta, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba.

Darasi daga jirgin ruwa

A shekarar 1747, wani likitan sojan ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya ɗauki ma'aikatan jirgi 12 masu fama da ciwon da ke sa dasashi zubar da jini, wanda yanzu aka san rashin bitamin C ke kawo shi. Ya raba su kashi shida, mutum biyu-biyu, ya ba su abinci iri ɗaya, amma kowane kashi da nasa magani. Waɗanda aka bai wa lemu su ne suka fi saurin murmurewa. Abin lura a nan shi ne, abu guda kaɗai ya bambanta tsakanin kashi da kashi, don haka aka san daga ina sauƙin ya zo. Wannan ƙa'ida ita ce makamin mai gyaran intanet: a canza abu ɗaya, a jira a ga sakamako, a rubuta.

Hanyar da saƙo ke bi

Saƙo yakan tashi daga babbar manhaja zuwa katin sadarwa da ke cikin kwamfuta. Tsakaninsu akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke yi musu tafinta. Daga katin sai rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, daga rauta sai kamfanin sadarwa. Sabuntawa tana taɓa kwamfuta ne kawai, amma zuwan matsala bayanta bai isa hujjar cewa ita ce mai laifi ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gwaji na farko: neman shaida

A ajiye wayar hannu kusa da kwamfutar, a kashe datar layinta, a haɗa ta da rautar gidan. In duka biyun suna yankewa lokaci guda, to, laifin yana wajen rauta, ko wutar lantarkin da ke ba ta, ko kamfani. In kuwa wayar ta tsaya daram, kwamfuta ce marar lafiya. Bayan haka a haɗa kwamfutar da rauta ta igiyar sadarwa. In yankewar ta daina, an gano cewa cutar tana ɓangaren Wi-Fi.

Gwaji na biyu: jin bugun jini

Akwai umarnin da ake kira ping, wanda ke aika ɗan saƙo ya jira amsa. A buɗe tagogi biyu na Command Prompt. A ta farko a rubuta ping 192.168.1.1 -t, ko kuma lambar da aka rubuta a jikin rautar, domin takan bambanta. A ta biyu a rubuta ping 8.8.8.8 -t, wadda lamba ce ta wata na'urar Google. In amsa ta ɗauke a duka tagogin, matsalar tana tsakanin kwamfuta da rauta. In ta biyu ce kaɗai ta yi shiru, tana gaba da rauta. In duka suna amsawa amma shafuka sun ƙi buɗewa, sai a zargi tsarin DNS, mai mayar da sunayen shafuka zuwa lambobi.

Magani

Idan shaida ta nuna kwamfuta, a fara da direba, domin sabuntawa takan maye gurbin tsohuwa da wadda ba ta dace da katin sosai ba. A shiga Device Manager, a nemo katin Wi-Fi, a mayar da tsohuwar direba in akwai damar haka, ko a sauko da sabuwa daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Na biyu, a duba tanadin wuta. Windows tana da izinin kashe katin don rage cin batir, kuma wani katin ba ya farkawa da kyau. In akwai wannan zaɓi a bayanan katin, a cire izinin.

Na uku, a duba zangon rediyo. Yawancin rautoci suna watsawa a gigahaz 2.4 da kuma 5. Na farko ya fi ratsa bango, amma yana da cunkoso, don Bluetooth ma a nan yake aiki. Na biyu ya fi sauri, sai dai ba ya nisa. Kwamfutar da ke tsalle tsakaninsu takan yanke, don haka a tsayar da ita a kan guda.

In duk wannan ya faskara, Windows takan ba da kwana 10 bayan sabuntawa don komawa tsohuwar manhaja. Amma zama a kan manhajar da aka daina toshe wa ƙofofin ɓarayi gudun gara ne a faɗa gidan zago. Komawar ta zama ta ɗan lokaci, kafin a sami direbar da ta dace.

Aiki don aji

Malamai za su iya sa ɗalibai su zana jadawali mai gida huɗu: lokaci, abin da aka canza, abin da aka bari yadda yake, da sakamako. Sannan a tambaye su: ɗalibin da ya canza direba, ya kashe rauta ya kunna, ya kuma koma wani ɗaki, duk a lokaci guda, intanet ya daidaita, me zai yi ranar da cutar ta dawo?