Yadda Bakteriya Ke Shiga "Yanayin Adana Caji" Idan Yunwa Ta Kama Su

Idan cajin waya ya yi ƙasa, takan rage haske ta dakatar da wasu manhajoji. Ƙwayoyin bakteriya ma haka suke yi idan abinci ya yanke musu: sukan samar da sinadarin gargaɗi mai suna ppGpp, wanda ke rage aiki ya tsayar da hayayyafa.

A nan matsalar take. Magunguna irin su penisilin suna kashe ƙwayar da ke girma ne, ta hanyar hana ta gina bangon jikinta. Wadda ta yi lamo sai ta tsira. Masani Joseph Bigger ya lura da haka a 1944. Wannan lamo na cikin dalilan da suka sa ake shan maganin tarin fuka har wata 6.

Wasu kuma sukan naɗe cikin ɓawo mai tauri. Ƙwayar tetanus, cutar da ke sarƙe haƙora, takan yi shekaru a haka cikin ƙasa da kashin dabbobi, irin takin da ake zubawa a gonakin Rogo Ruma da Karaye. Da zarar fartanya ko ƙusa ta kai ta cikin rauni mai zurfi inda iska ba ta shiga, sai ta farfaɗo ta fara fitar da guba.

Don haka wanda ya ji rauni a gona ya wanke da ruwa da sabulu, ya je asibiti a duba rigakafinsa. Wanda aka rubuta wa magani kuma ya sha yadda likita ya ce, ko da ya ji sauƙi.