Daga Damagaram zuwa Maraɗi ta sama

Ƴan uwa, mutumin Magarya ko na Dungas in zai shiga jirgin sama, sai ya je Damagaram, don can filin jirgi yake. Maraɗi ma tana da nata.

Tsakanin filayen nan biyu, a miƙe ta sama, wajen kilomita 200 ne. Hanyar mota kuwa, wadda ta bi ta Tasawa, wajen 240 ce.

To, ga lissafi. Jirgin da ke cin kilomita 400 a awa, rabin awa ya ishe shi. Motar da ke cin 60, sai ta yi awa 4.

Amma kada rabin awar nan ya ruɗe ka. Daga Magarya zuwa Damagaram wajen kilomita 90 ne, wato awa guda da rabi a mota. Ga jira a fili, a duba takardu, a auna kaya. Kuma jirgi ba ya jiran cikon fasinja kamar motar tasha. In ka makara, ya bar ka. Sai ka yi sammako.

Tambaya: in jiran ya kai awa 2, awa nawa ke nan daga Magarya zuwa Maraɗi?