Mai Doguwar Jiyya da Hakkin Jikinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi bayin Allah waɗanda aka jarrabe su da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kamar ciwon baya, da na gwiwa, da sanyin ƙashi. Likitoci suna kiran ciwo da sunan daɗaɗɗe idan ya haura wata 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon baya kaɗai.

Masu irin wannan jiyya sukan rabu kashi biyu. Wani yakan lizimci shimfiɗa, ya ƙi ko da taka ƙofar gida, yana zaton haka ne haƙuri da ƙaddara. Wani kuwa ranar da ya ji dama-dama sai ya ɗauki fartanya ya yini a gona, sa'an nan ya kwanta mako guda. Dukkansu sun kauce wa tsakaitawa. Kwanciya mai tsawo tana ramar da tsoka, ta sandarar da gaɓoɓi, har ƙaramin motsi ya zama azaba. Wuce gona da iri kuma yana tayar da ciwon, ya cusa wa mai shi tsoron motsi.

Shari'a ta shimfiɗa hanya tsakanin waɗannan biyu. Imamu Buhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, ya yi fama da basir, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya umurce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Almajiran da suka karanta Ahalari sun san cewa ya jera halaye 7 na sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sa'an nan kwanciya a gefen dama, ko na hagu, ko rigingine. Jeranta huɗun farko wajibi ne, watau wanda yake iya tsayuwa da jingina ba shi da izinin zama. Abin lura a nan shi ne, an sauƙaƙa wa majiyyaci, kuma an nemi ya yi amfani da ɗan ƙarfin da ya saura gare shi.

Har wa yau, Uwar Muminai A'ishatu ta ba da labarin cewa sa'ad da Annabi (S.A.W.) ya manyanta yakan yi karatun nafilar dare a zaune, idan ya saura kamar aya 30 ko 40 sai ya miƙe ya ƙarasa su a tsaye, kana ya yi ruku'u. Ita ce kuma ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Shaihu Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 751 ta Hijira, ya bayyana a cikin Zadul Ma'adi cewa gaɓar da ake yawaita motsa ta takan yi ƙarfi, muddin an tsakaita. Binciken zamani ya dace da wannan, domin a shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tsararren motsa jiki cikin abubuwan da ta shawarta ga masu daɗaɗɗen ciwon baya.

To, ta yaya majiyyaci zai fara? Da farko ya ga likita, ya nemi a tura shi sashen gashi na asibiti, inda ake koya wa kowa motsin da ya dace da ciwonsa. Sa'an nan ya auna abin da yake iyawa ba tare da ciwon ya tashi ba. Idan tafiyar minti 10 ce, to ya fara da minti 7 ko 8 kullum, ranar sauƙi da ranar tsanani, yana ƙara kaɗan a kowane mako. Wanda masallaci yake kusa da shi ya fara da zuwa salla ɗaya, in ya saba ya ƙara ta biyu. Wanda ba ya iya fita ya zauna kan kujera ya miƙe sau 5, ya huta, ya maimaita. Sannu ba ta hana zuwa.

Ɗan tsamin jiki da yake wucewa cikin yini ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma idan aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko zazzaɓi da rama, lalle ne a dakata a garzaya asibiti. Wajibi ne kuma ga iyali su daina hana majiyyaci kowane motsi da sunan tausayi; gara su riƙe hannunsa su taka tare da shi.

Wanda kuwa ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kasa, kada ya yanke ƙauna. Ya tabbata a cikin Buhari, daga Abu Musal Ash'ari, cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa yana da lafiya.

Allah Ya ba majiyyata sauƙi, Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, amin.