Darasinmu Na Wannan Wata: Tanadin Kayan Kirsimeti Na Yara Tun Da Wuri

  

Wani zai yi mamaki, ya ce, "Yanzu muke cikin watan Yuni, ko noman farko ba a gama ba, me ya kawo zancen Kirsimeti?" To ai mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Kowace shekara ranar 25 ga Disamba 'yan'uwanmu Kirista ke bikin haihuwar Yesu Almasihu. Ranar ba ta matsawa gaba, ba ta ja da baya. Amma duk shekara sai ta riski gidaje da yawa kamar baƙon da bai aiko ba.

A ƙauyukanmu, tun daga Wusasa da Zankwa da Kafancan har zuwa Pankshin, Tafawa Ɓalewa, Billiri da Garkida, kyautar Kirsimeti ta yaro sananniya ce: sabon ɗinki, sabon takalmi, shinkafa da nama, da ɗan abin da zai riƙe a hannu in an fita yawon gaisuwa bayan an taso daga majami'a. Yaron da bai samu ba yakan laɓe a ɗaki yana leƙen tsaransa. Don gudun haka uba kan sayar da hatsin gida, ko ya ci bashi da ruwa. Wannan darasi zai nuna yadda za a faranta wa yara ba tare da an fasa rumbu ba. Wanda ba ya Kirsimeti ma kada ya tsallake shafin, domin dabarar ɗaya ce da ta kayan Sallah.

Me Ya Sa Tun Da Wuri?

Dalili na farko, a watan Disamba kowa yana kasuwa. Masu neman yadi da takalmi da kaji suna da yawa, don haka mai kaya ba ya ragi. Kuɗin mota ma yana tashi saboda masu komawa gida.

Dalili na biyu, wannan lokaci shi ne kaka. Kowane manomi ya kawo masara da dawa da wake kasuwa, saboda haka galibi hatsi yana araha. Wanda ya sayar da buhu a Disamba don ya sayi yadi, ya sayar da araha, ya saya da tsada. In damina ta sake faɗuwa kuma rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa yana awo da tsada. Asara biyu ke nan.

Dalili na uku, makarantu suna komawa a watan Janairu. Akwai kuɗin makaranta da littattafai suna jira. Gidan da ya ƙarar da komai a mako guda, yaransa ne za a koro.

Mataki Na Ɗaya: Rubuta

Ga amfanin zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ɗauki littafinka, ka buɗe shafin baya, ka ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, ka sami gida huɗu. A gida na farko rubuta sunan kowane yaro. A na biyu shekarunsa. A na uku abin da yake bukata. A na huɗu kuɗin abin a kasuwarku yau.

Kada maigida ya yi wannan shi kaɗai. Uwa ita ta san wanda takalminsa ya yage da wadda rigarta ta ɗage. A zauna tare bayan tuwon dare. A tuna da marayu da 'ya'yan riƙo da ke cikin gidan. In an manta da su a takarda, za a manta da su a kasuwa, kuma yaro ba ya manta irin wannan.

A bambanta bukata da sha'awa. Disamba lokacin hunturu ne, musamman a kan tudun Jos inda sanyi ke da ƙarfi. Rigar sanyi bukata ce. Tabarau da agogon roba sha'awa ce. A fara da bukata, in kuɗi ya yi saura a taɓa sha'awa.

Mataki Na Biyu: Lissafi

Bari mu yi misali. Kuɗin da za mu ambata na koyon lissafi ne kawai. Kowa ya sa farashin kasuwarsu.

A ce magidanci yana da yara uku, ya rubuta kamar haka:

Yadi da kuɗin ɗinki: N14,000
Takalma: N6,000
Littattafan rubutu da biro: N3,000
Alewa da biskit: N1,000
Ko-ta-kwana: N2,000
Jimla: N26,000

Daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba mako 26 ne. In ya raba N26,000 gida 26, zai riƙa ajiye N1,000 kowane mako. Amma mun san damina lokacin matsi ce, ga taki, ga ƙodago, ga abinci ya yi ƙasa. Saboda haka sai ya raba watannin kashi biyu. Daga Yuni zuwa Agusta, mako 13, ya riƙa ajiye N500, ya tashi da N6,500. Daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da sabuwar masara da gyaɗa suka shigo, mako 13, ya riƙa ajiye N1,500, ya tashi da N19,500. Haɗa su, N26,000 cif.

Yanzu dubi wanda ya yi barci sai Oktoba. Mako 8 ne kawai ya rage masa kafin ƙarshen Nuwamba. Dole ya nemo N3,250 kowane mako. Wanda ya jira Disamba kuwa, dukan N26,000 zai nema rana ɗaya, kuma kayan sun riga sun ƙara kuɗi.

In lissafi ya nuna abin ya fi ƙarfinka, rage jerin tun yanzu. Daidai ruwa, daidai tsaki. Kada ka auna gidanka da na maƙwabci.

Mataki Na Uku: Ina Za A Ajiye?

Asusu. Na yumɓu ko na katako ko na gwangwani, duk suna aiki. Amma takardar kuɗi ba ta son laima, kuma gara da ɓera ba su san darajarta ba. A riƙa buɗewa duk bayan wata biyu, a mai da kuɗin kaya. Mu tuna da abin da ya faru lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya canza fasalin N200 da N500 da N1,000 a ƙarshen 2022. A farkon 2023 mutanen karkara masu tsofaffin takardu a gida sun sha wuya ƙwarai, kafin Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu.

Adashi. Wannan mata sun fi mu saninsa. In za a shiga, a roƙi uwar adashi a ba ku ɗauka a Satumba ko Oktoba. Kowa yana son ɗaukan Disamba, alhali shi ne mafi ƙarancin amfani. A shiga da mutanen da aka sani, kuma duk zubi a rubuta kwanan wata da adadi a littafi. Ƙungiyoyin zumuntar mata na majami'u da ƙungiyoyin gama kai na manoma wurare ne da aka saba yin irin wannan tanadi.

Kiwo. Kaza ita ce bankin talaka. Kwana 21 take yi a kan ƙwai ta ƙyanƙyashe, 'yan tsakin gida kuma sukan yi wata biyar zuwa shida kafin su isa yanka. Ke nan waɗanda aka ƙyanƙyashe a Yuni ko Yuli sun isa a Disamba, lokacin da kaza ke tsada. A ci ɗaya, a sayar da sauran. Sai dai annobar kaji takan zo da hunturu ta share akurki. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin maganin rigakafinta. A tuntuɓi malamin dabbobi tun kafin sanyi ya shigo.

Hattara da masu cewa kawo kuɗinka su ninka maka. A ranar 13 ga Disamba 2016, ana saura kwana 12 Kirsimeti, shirin nan da ake kira MMM ya rufe asusun mutane, da yawa kuma ba su sake ganin kuɗinsu ba. Irinsa suna nan suna fitowa da sabon suna, yanzu har ta wayar hannu.

Mataki Na Huɗu: Lokacin Saye

Kada a jira kuɗi ya cika. A riƙa saye ɗaya bayan ɗaya.

Yadi shi ne na farko, domin ba ya lalacewa. A saye shi a Satumba ko Oktoba. Turmin atamfa yadi shida ne, zai iya fitar da kayan ƙananan yara biyu ko uku. In gidaje huɗu ko biyar suka haɗa kuɗi suka aiki mutum ɗaya amintacce babbar kasuwa, irin Kantin Kwari ta Kano, za su samu a farashin sari, kuma kuɗin mota ɗaya za a biya.

A kai wa tela kafin tsakiyar Nuwamba. Kowa ya san abin da ke faruwa a shagon tela daren Kirsimeti: iyaye a zaune, yara suna kuka, ɗinki na gaggawa, kuɗi ya ninka. A gaya wa tela ya bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da bakin riga, don a warware in yaro ya ƙara tsawo.

Takalmi a bar shi sai Nuwamba, domin ƙafar yaro ba ta tsayawa. In ba za a je da yaron kasuwa ba, a auna ƙafarsa da tsinke, a ƙara faɗin yatsa ɗaya.

Gwanjo ba abin kunya ba ne. Rigar sanyi mai kauri ta gwanjo takan fi sabuwa mai arha ƙarko. A saya tun kafin hunturu ya kama, a wanke, a shanya a rana, a goge, a ninke a akwati.

Alewa da biskit su ne na ƙarshe. A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da wa'adin kayan zai ƙare. Wanda ya iya karatu ba a sayar masa da ruɓaɓɓe.

Kyautar Da Ba Sai Da Kuɗi Mai Yawa Ba

Ba wa yaro budurwar kaza a ce, "Wannan taka ce." Zai koyi kiwo, kuma kafin wata Kirsimeti ta zagayo ta zama garke. Mai hali ya ba da 'yar akuya, wadda cikinta wata biyar ne.

Uba ya zauna da ɗansa su ƙera motar kara ko ta langa-langa. Uwa ta ɗinka wa 'yarta 'yartsana da ƙyallayen da suka rage wurin tela. Wadda ta iya saƙa ta sayi zare ta yi hular sanyi da safa. Dashen mangwaro ko gwaiba da aka sa wa sunan yaro kyauta ce da zai ci har ya girma. Littafin karatu na Hausa kuwa, duk gida ne zai amfana.

Abubuwan Da Za A Kiyaye

Kada a saya wa yara abin fashewar nan na wasa da ake kira nokawut. Yana ƙona hannu da ido, ga ciyawa ta bushe, ga amfanin gona a tare a masussuka. Tartsatsi ɗaya ya isa. 'Yan sanda ma sukan hana shi a lokacin bukukuwa. Bindigar roba ita ma a bar ta, musamman a wannan zamani da hankalin jama'a ba a kwance yake ba.

Yaron da bai kai shekara uku ba, kada a ba shi abin wasa mai ƙananan ƙwayoyi ko ɗan ƙaramin batir, domin komai baki yake kaiwa.

A yi adalci tsakanin yara, mace da namiji, ɗan ɗakin nan da na wancan. Kuma kada a yi wa yaro alkawarin abin da ba a da tabbas. Gara a gaya masa gaskiya tun yanzu, a ba shi aikin jefa kuɗin a asusu da hannunsa. Yaron da ya ga yadda aka tara kuɗin rigarsa ba zai yi wasa da ita ba.

A ware wani abu kuma domin maƙwabta. Al'adarmu ce mai kyau, ran Kirsimeti kwanon shinkafa ya shiga gidan Musulmi, ran Sallah kuma nama ya shiga gidan Kirista. A sa wannan cikin lissafi don kada ta mutu.

Ga masu shirin Sallah, bambanci ɗaya ne. Sallah tana bin watan sama, don haka kowace shekara takan matso gaba da kamar kwana 11. A dubi kalanda, a ƙirga mako 26 baya, a fara daga nan.

Aikin Aji

Malamai su karanta darasin tare da ɗalibai, sannan a amsa waɗannan:

1. Kawo dalilai uku da suka sa bai kamata a jira Disamba ba.
2. Wata mata tana ajiye N700 kowace ranar kasuwa, kasuwar kuma mako-mako take ci. Nawa za ta tara a mako 20?
3. Kana bukatar N18,000, saura mako 12. Nawa za ka riƙa ajiyewa kowane mako?
4. Me ya sa ake fara sayen yadi, a bar takalmi sai daga baya?
5. Ja layi a littafinka, ka rubuta jerin yaran gidanka da bukatunsu, ka tambayo farashi ranar kasuwa mai zuwa, ka kawo wa malami ya duba.

Wanda ya gwada wannan tsari ya rubuto mana da hannunsa a watan Janairu, ta hannun malamin ajinsu, ya gaya mana yadda ta kaya. Za mu buga wasiƙun da suka fi ma'ana.

Allah ya kai mu lokacin lafiya, ya raya mana zuriya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.

Edita